Aibu Huɗu a Littafin Yaya

Yayana ya shekara goma sha ɗaya yana rubuta littafi, ni kuma na kashe masa shi da shafi ɗaya. Haka matarsa take gaya wa duk wanda ya je dubiya, ban kuma taɓa zuwa na ce ta daina ba. Amma tunda kullum a bayan idona ake ba da labarin, ga nawa.

Ni makanike ne. Shekarata talatin da huɗu a ƙarƙashin motocin mutane, ashirin daga ciki a garejina na kaina. A aji huɗu na bar makaranta, ba wanda ya kore ni, ni na gaji. Yaya kuwa ya yi karatu har ya zama hedimasta, da ya yi ritaya aka ba shi takardar yabo a cikin gilashi. Tun ranar da na fara shigowa gida da baƙin mai a riga ya laƙaba min Sifana, wato abin kwance noti, sunan ya bi ni har yau. 'Ya'yansa ma sai da suka girma suka san ina da wani sunan.

Littafin nasa labari ne, shafi ɗari huɗu da goma sha biyu, an buga shi da kwamfuta an zuba a kwalin takalmi. Wata biyu da gama shi Yaya ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Ɓarin dama ya shanye, hannun rubutun ya tafi, baki ya karkace. Hankalinsa ras, yana magana, amma sai ka sunkuya kafin ka kama abin da ya ce.

Kamfani guda ne yake so ya buga masa. Ya yanko sanarwarsu daga jarida ya manna a cikin murfin kwalin. Wata ɗaya suke buɗe ƙofa a shekara, kuma ba littafin ake aikawa ba. Wasiƙa suke so, shafi ɗaya tak, a faɗi abin da littafin ya ƙunsa da wanda ya rubuta shi. In ta yi musu, sai su ce a turo babi uku. In ba ta yi ba shikenan, littafin da suka mayar ba sa sake duba shi. Likita kuwa bai yi mana alkawarin baɗi ba. Da na matsa masa sai ya ce a dai riƙa ba shi magani a kan lokaci.

Na je gidan wata ranar da yamma na tarar da matar Yaya tana faɗa a waya. Babban ɗansu ne a kan layi, wanda yake aikin ofis a wani gari mai nisa. Shi ya yi alkawarin rubuta wasiƙar, ga shi an ci kwana takwas cikin watan bai rubuta ba. Ta miƙo min wayar.

"Baffa, aiki ne ya yi min yawa wallahi," ya ce. "Amma ai ba wani abu ba ne, awa ɗaya ta isa. Taƙaitawa kawai ake yi."

"Ka karanta littafin?"

"Na leƙa."

"Shafi nawa ka leƙa?"

Ya yi dariya. "Baffa ke nan. Ai ba sai an karanta duka ba."

Na kashe wayar na mayar wa uwarsa. Na ce ni zan rubuta.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai, Sifana? Da wannan rubutun naka kamar tafiyar tsutsa?"

"Ai ba da hannu za a kai ba. Akwai masu bugawa."

"Malam, kana jin ƙanenka?"

Yaya yana kan kujerarsa a bakin taga, an tokare masa hannun dama da matashi. Ya yi wannan dariyar tasa ta ɓari ɗaya, yawu ya ɗan zubo, ya goge da hagu. Na sunkuya.

"Za ka iya karanta shi?" ya ce.

"Motar da ban tuƙa ba ba na sayar da ita."

Ya nuna kwalin da haɓa. "Kar ka shafa masa mai."

A nan dole in faɗi yadda nake aiki, don daga nan abin ya taso. Ban da gyara, mutane suna kawo min tsofaffin motocinsu in sayar musu. Ƙa'idata ɗaya ce. Kafin mai saye ya buɗe ƙofa zan tsayar da shi in jero masa duk abin da ke damun motar. Giya ta biyu tana kuka. Lagireto an taɓa yi masa walda. Ƙasan ƙofar baya akwai tsatsa, fenti ne ya rufe. Sai na gama sannan in ce amma injin lafiyarsa ƙalau, in miƙa masa makulli ya zaga. Dillalai suna ce min mahaukaci. Su faɗa. Motar da ta shigo garejina ba ta yin sati biyu, don mutumin da ya ji aibu uku daga bakina ya san in na yabi inji ba daɗin baki ba ne. Shekara ashirin ba wanda ya dawo ya riƙe min wuyan riga. Ban san wata hanyar tallata abu ba, ban kuma ga dalilin koyon wata ba.

Kwana goma sha tara na yi ina karatu. Na ciro kujerar baya ta wata matacciyar mota na jingina a inuwar rumfa. In rana ta yi tsaka sai in wanke hannu da sabulu sau biyu in zauna, yatsa a kan layi. Ayyuka biyu na mayar. Masu kawo mota suna tambayata ko jarrabawa zan zauna da furfurata.

Shafi hamsin da biyu na farko kamar tura mota a cikin yashi. Wane ya haifi wane, kogin garin daga ina ya taso, itatuwa iri nawa ne a bakin hanya. Sau uku ina ajiyewa. A shafi na hamsin da uku inji ya tashi. Wani malami ne aka tura makarantar ƙauye, sati biyu da zuwansa iska ta kwashe rufin, ya shekara bakwai yana koyarwa a aji ba rufi, yana rubuta wa na sama takarda suna ce masa ana dubawa. Akwai wurin da ruwa ya sauko ranar jarrabawa. Yara talatin suka kifa ciki a kan takardunsu suna ci gaba da rubutu a ƙarƙashin ƙirjinsu, shi kuma yana tsaye da agogo a hannu, ya kasa cewa a tashi. Sau biyu na karanta wurin. Shekara hamsin ina jin muryar Yaya, kullum gyara min zama yake yi, ban taɓa sanin yana da wannan muryar ba.

Sai kuma ƙanen malamin. Mai facin taya ne, Guduma ake ce masa. Duk inda ya fito don a yi dariya ne. Ya ci abinci da hannu baƙi ƙirin, ya tsoma baki a maganar manya ya kwafsa. Yana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Na dubi bayan hannuna na hagu, na ci gaba da karatu. A babi na goma sha huɗu uwarsu ta rasu a asibiti. Malamin yana can yana tsaron jarrabawa, Guduma kuma yana kan benci a baranda yana sharar barci, sai da nas ta zo ta tashe shi.

Innarmu a hannuna ta cika. Kwana shida na yi a gefen gadonta ban kwanta ba. Yaya sai washegari ya iso da jakarsa a hannu.

Ranar na rufe kwalin ban ƙara shafi ba, na je na kwance wani kafireto da lafiyarsa ƙalau na sake ɗaurawa. Washegari na ɗora daga inda na tsaya har na kai ƙarshe. Ƙarshen kuma ya yi kyau, ba zan ɓoye ba.

Saura kwana uku a rufe na zauna rubutu. Na yi shi da biro a bayan tsohuwar kalanda, na kai wa wata mata mai shagon buga takardu a kusa da tasha. Ta sa tabarau ta fara bugawa, tana yi tana tambayata wannan kalmar mece ce. Ga yadda na fara:

"Zuwa ga masu buga littattafai. Ni ƙanen mai littafin ne, yana kwance ba ya iya riƙe biro, shi ya sa na rubuto. Na karanta shi duka. Kafin ku ce a turo, ga abin da ke damunsa don kada ku ce an rufe ku. Na ɗaya, yana da wuyar tashi, shafi hamsin da biyu na farko ba abin da ya faru. Na biyu, malamin da ke cikin labarin yana da dogon jawabi, wuri uku ya tsaya yana lacca a kan amfanin ilimi, ɗaya har shafi tara. Na uku, matar malamin ta ɓace a shafi na ɗari biyu, sai a ɗari uku da arba'in ta dawo, ba a ce ina ta je ba. Na huɗu, ƙanen malamin ba mutum ba ne, abin dariya ne aka sa masa riga, kuma babin rasuwar uwarsu fenti ne a kan tsatsa."

Kowanne na yi masa bayani da lambar shafi. Daga nan sai alherin littafin, shi ma na zuba shi da yawa, har da zancen yaran da ruwan sama.

Mai shagon ta cire hannu daga kan maɓallai. "Oga, wai tallar littafin ka zo yi ko ƙararsa ka kawo?"

"Buga dai, Malama."

"Shekarata goma sha biyu ina buga wa mutane takardar neman aiki. Ban taɓa ganin wanda ya fara da cewa shi mai makara ne ba."

"Shi ya sa rabinsu ba sa yin wata uku ake korarsu."

Ta yi tsaki ta ƙarasa. Sai ta juyo min da fuskar kwamfutar. "Shafi ɗaya da rabi ne. Sai an yanke."

"Rage girman rubutun."

"Sun faɗi girman da suke so. A cire na ukun nan da na huɗu, ka ga ya shiga cif."

"Aibu ba a cire shi. Yanke daga ƙasa."

"Ƙasan fa shi ne yabon."

"Abu mai kyau ba ya neman dogon bayani. In sun karanta za su gani da idonsu."

Ta yanke. Abin da ya rage na yabo layi huɗu ne: "Ban da waɗannan, daga shafi na hamsin da uku labarin yana ja har ƙarshe ba ya tsayawa. Labarin malami ne da ya shekara bakwai a makaranta ba rufi. Mai littafin hedimasta ne mai ritaya. Ku gwada." Yaran da suka kifa ciki a kan takardunsu suna cikin abin da ya fita.

"Mai littafin ya ga wannan?" ta ce.

"Ya ba ni wuƙa da nama."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Tura."

Ta tura ta imel ɗin shagonta, ta ba ni kwafi. Gidan Yaya tafiyar minti goma ce daga wurin, kuma da sauran kwana guda a hannu. Ban je ba. Na gaya wa kaina bai kamata a tayar wa majinyaci hankali ba.

Sati shida muka yi muna jira. Duk zuwan da zan yi Yaya zai ɗaga min gira, in girgiza kai. Matarsa ta fara ba ni shayi a kofin baƙi tana ce min marubuci. Shi kuma ya sa ta zazzage akwati ta nemo masa hotunansa na lokacin aiki, ya jera su a cinya yana zaɓen wanda za a sa a bayan littafi.

Amsar ta zo shagon, mai shagon ta buga min ita a takarda. Gajeriya ce. Sun gode. Ba su cika samun wasiƙa mai faɗin gaskiya irin wannan ba. Sai dai bana wasiƙu sama da ɗari shida suka zo musu, talatin kawai za su nemi babinsu, kuma littafin da mai gabatar da shi ya ce yana da manyan matsaloli huɗu, a ganinsu bai kai lokacin turowa ba. Suna yi wa marubucin fatan samun sauƙi.

Mai shagon ba ta ce ai ta gaya min ba. Da ta faɗa da ya fi min sauƙi, da na samu wanda zan yi faɗa da shi.

Akwai lambar waya a ƙasan takardar. A kira na biyar wata mata ta ɗauka, ta ce ita ce edita.

"Ni ne mai aibu huɗu," na ce.

"Na tuna. Wasiƙarka har a fili aka karanta ta a ofis."

"To ku karanta littafin mana. Ba duka ba, shafi biyar kawai, inda ruwa ya sauko ranar jarrabawa. Ni zan kawo da ƙafata."

"Babu zancen ruwa a wasiƙarka, Malam."

"An yanke ne."

"Mu abin da ke kan shafin muke gani. Littafin ba ya gabanmu."

"Talatin ɗin da kuka zaɓa, duk ba su da aibu?"

"Duk suna da shi. Wasu ma ƙila sun fi naku."

"To?"

"Masu su sun ba mu dalilin buɗewa. In mun buɗe mu gano aibun da kanmu, mu gyara tare."

"Wato maƙaryaci kuke so."

"Ƙa'idarmu tana cikin sanarwa. Allah ya ba shi lafiya."

Ina tsaye a bakin titi da waya a hannu na gane abin da ya kamata in gane tun a shago. Mai sayen mota a gaban motar yake tsaye lokacin da nake jero masa aibu. Yana ganin ta, hannunsa yana kan bodinta, ya san makulli yana zuwa. Waɗannan ba su da komai a gabansu sai bakina. Na jero musu aibu, na bar motar a kulle a gida.

Kwana biyu takardar tana aljihuna. A na uku na je. Matar Yaya ta karɓa tana murmushi, ta fara karantawa a fili, ta zo kan "manyan matsaloli huɗu" ta tsaya.

"Waye mai gabatarwa?"

"Ni."

"Waɗanne matsaloli kuma?"

Yaya ya ɗaga hannun hagu. Ya ce a karanta masa wasiƙar da aka tura. Na ciro kwafin, matarsa ta miƙo hannu, ya girgiza kai ya nuna ni.

A tsaye na karanta. Karatuna ba sauri gare shi ba, don haka kowace kalma sai da ta zauna daram kafin ta gaba ta zo. A na ɗaya ya lumshe ido. A na biyu bakinsa ya motsa kamar zai yi gardama, ya fasa. A na uku matarsa ta ce, "Ai gidansu ta tafi, wannan kowa zai gane."

"Kin karanta wurin?" na ce.

Na karanta na huɗu, na karanta layi huɗun ƙarshe, na ninke takardar.

"Ramuwa ka yi," in ji Yaya. Wannan karon ban sunkuya ba, na ji shi sarai.

"Ba ramuwa ba ce. Abin da na gani na faɗa."

"Labari ne, Sifana. Ƙirƙira ce."

"Ƙirƙirar ce ta ba shi tabon hannuna?"

Ya dubi bayan hannuna na hagu.

"Ban yi barci ba ranar, Yaya. Ka sani."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ya juya fuska wajen taga. "Dole sai wani ya yi barci," ya ce. "In ba haka ba, malamin..." Bai ƙarasa ba, ba sai ya ƙarasa ba. In Guduma bai yi barci ba, laifin duka na wanda bai zo ba ne.

Matarsa ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, da ma in ranta ya ɓaci sosai ƙasa-ƙasa take magana. "Shekara goma sha ɗaya ina kallon mutumin nan yana rubutu. Baƙo ya zo, yana rubutu. Abinci ya huce, yana rubutu. In kana da magana da yayanka, ba ga shi nan a zaune ba? Ko gudu zai iya? Sai ka kai wa mutanen da ba su san ku ba, su karanta a ofis suna dariya?"

Na mayar da takardar aljihu.

"Tashi ka tafi, Sifana," ta ce, ko da yake a tsaye nake.

Na sha tambayar kaina ko ramuwar ce. Uku na farko, ko littafin wani baƙo ne haka zan faɗe su. Na huɗun ma gaskiya ne, duk wanda ya karanta zai ji Guduma ba shi da jini a jika. Amma lokacin da mai shagon ta ce a cire shi don yabo ya samu wuri, na san akwai abin da ya yi min daɗi a rai da na ce a bar shi. Ban ɓoye aibun mota ba, ba zan ɓoye nawa ba.

Wata guda ban taka gidan ba. Sai ran nan mai shagon ta tare ni a hanya ta ce ta samo wani ƙaramin kamfani. Su kowane lokaci suna karɓar wasiƙa, amma sai da sa hannun marubucin kansa.

"Wannan karon ni zan riƙe sitiyari," ta ce. "Kai ka zauna a gefe ka riƙa ba ni labari."

Na zauna a gefe. Yaran da ruwan sama ta sa a layin farko. Ta rubuta cewa labari ne mai riƙe mai karatu tun daga shafin farko, na buɗe baki na rufe. Ta rubuta cewa kowane mutum a cikinsa kamar ka san shi a unguwarku, na kalli silin. Babu aibu ko ɗaya. Shafi guda cif, ta bar wurin sa hannu a ƙasa. Ban taɓa sa bakina a talla irin wannan ba, kuma ko ni da na karanta sai da na ji ina son sayen littafin.

Matar Yaya ta buɗe min ƙofa, ta amsa gaisuwata da kai ta koma kicin. Yaya yana wurinsa. Ya ɗan rame, amma maganarsa ta fara sakewa. Na yi masa bayanin kamfanin, na ɗora takardar a kan wani faranti na sa masa a cinya, na ba shi biro. Ya sa tabarau ya karanta da kansa, a hankali, har ƙasa. Ya cire murfin biron da haƙori.

"Tun daga shafin farko," ya karanta a fili. "Kai ka rubuta wannan?"

"Ni da mai shago."

"Ka yarda da shi?"

"Sa hannu kawai suke so, Yaya. Ko da hagu ne."

"Tambayarka na yi."

"Zancen yaran gaskiya ne. Ban taɓa karanta abu irinsa ba."

"Littafi nawa ka taɓa karantawa?"

"Ɗaya."

Ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Ya sa bakin biron a kan wani layi. "Wannan fa? Kowane mutum kamar ka san shi?"

Da na ce e da ya sa hannu. Na ga haka a fuskarsa, so yake in ce e, ko da ya san ƙarya ce. Kalma ɗaya ce, ta fi kowace kalma gajarta. Dillalai suna faɗin ta sau ɗari kafin rana ta yi tsaka.

"Wannan don su buɗe kwalin ne," na ce.

Ya lalubi murfin a kan faranti, ya tura biron ciki da ƙyar.

"Mutum ɗaya ne ya karanta shi har ƙarshe," ya ce. "Na kuma ji abin da ya ce. Ya isa."

"To a gyara mana. Kai ka faɗa, ni in rubuta. A rage shafi hamsin ɗin, a datse jawabin, a faɗi inda matar ta je. Aikin wata biyu ne."

"Na huɗun fa?"

"Wannan kai za ka faɗi yadda aka yi."

"Ba zan faɗa ba."

Ya turo min farantin da takardar a kai. Na ɗauki takardar na bar masa biron.

"Je ka," ya ce. "Motocin mutane suna jiranka."

Kamfanin yana nan yana karɓar wasiƙa. Yaya yana nan da ransa, likita ma ya ce ya ba shi mamaki. Duk sati ina zuwa in duba shi, mu yi zancen magani da zafin gari, in tashi in tafi. Sau biyu na sake kawo maganar sa hannun. Duka biyun ya ce a kunna masa rediyo.